Kawu, Ƙarasa Masa

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da 'yarki Ƙarama da duk mutan gida. Yaya ƙafar? Kina shafa maganin, ko kin ajiye shi a taga kina kallo? Ni ma gwiwa ta fara yi mini tsiya in zan hau bene, amma wannan tsakanina da ke ne, shugaban matasan ƙasa ba ya ciwon gwiwa. Na zaɓi takarda a kan waya don na san kunnen naki, kuma yaran yanzu mutum na magana suna naɗar muryarsa.

Ɗanki Dogo yana nan lafiya, har wuyansa ya ɗan ciko. Kin tuna ranar da kika damƙa mini hannunsa kika ce in nema masa abin yi ko da sharar ofis ce, tunda mai in'ina ba ya tsallake wurin da ake ɗaukar aiki da tambayar baki? To na sa shi a kwamitin da ke tattara ra'ayin matasa kan sabuwar manufar ƙasa, wato kundin da ma'aikatar matasa ke rubutawa na abin da gwamnati za ta yi wa matasa da abin da za a bar su su yi da kansu. Na ɗauka jaka zai riƙa ɗauka. Ashe yaron nan kai ne da shi. Ya shiga garejin kanikawa, ya zauna a shagon teloli, ya tsaya bakin filin ƙwallo, kuma da yake ba ya katse kowa, kowa sai ya zazzage masa cikinsa. Shi ke rubutawa, wata yarinya mai gilashi a kwamitin ita ke karantawa a taro. Har daraktan ma'aikata ya tambaye ni ɗan wane ne, na bugi ƙirji na ce nawa ne.

Shekaranjiya ya shigo ofishina da daftarin. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda kika koya masa, ya buɗe wani shafi, ya ɗora yatsa, ya sunkuyar da kai. Sashen yana cewa duk wanda ya haura shekara talatin da biyar ba zai shugabanci majalisar matasa ba. Ya yi ta fama har ya gaya mini ba shi ya ƙirƙira ba, ko'ina ya je abin da ake faɗa masa ke nan, kuma bai so in ji a bakin wani ba. Na yi dariya na dafa kansa. Da ya fita na kulle ƙofa, na jawo durowa, na zauna ina kallon kwalbar rinin gemuna.

Yaya, ke kika goya ni, kin san shekaruna, kin san jikata ta shiga makaranta. Kin kuma san ban iya wani aiki ba. Kujerar nan kawai na sani, tun gashina yana baƙi da kansa. In aka raba ni da ita direba zai tafi, masu miƙewa in na shigo za su zauna abinsu, ni kuma in nufi ina? Wallahi ban yi fushi da shi ba. Ciwo dai na ji, irin na wanda ya ciyar da yaro sannan ya kama shi yana gwada takalminsa.

Ga abin da nake roƙo. Za a yi babban zama a gaban minista, kuma ina so in san yadda zan kula da shi a cikin jama'a. Ki rubuto mini yadda in'inar nan tasa take, me ke kwance masa harshe, me ke ɗaure shi. Ke kaɗai kika sani, ni kuma kawunsa ne.

Ki gaida Ƙarama, ki ce ta dage da karatu.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma zazzaɓin Ƙarama da kika ambata ya sauka. Mu nan lafiya lau, sai hayaniyar shirin taro.

Amsarki ta iso, na karanta har idona ya ciko. Ban taɓa sanin wahalar da kika sha ba. Ban san marigayi babansa, saboda gajen haƙuri, yakan ƙarasa masa kalma in ta maƙale ba, har yaron ya daina magana ɗungurungum yana ƙarami, sai nuni da hannu. Ban san a bakin baho kika dawo da shi ba, kina wanki kin ba shi baya, kina jira ya gama kalma ɗaya ko da kumfa za ta bushe a hannunki. Kin ce kada a gaggauta shi, kada a zuba wa bakinsa ido, kuma uwa uba kada a kuskura a ƙarasa masa, don in aka yi haka harshen ya mutu ke nan. Na haddace, Yaya. Allah ya saka miki.

Albishirinki. Na miƙe a gaban kwamiti na ce ba wanda ya cancanci ya yi magana da yawun matasan ƙasa a gaban minista sai wanda ya bi su lungu-lungu ya saurare su. Aka yi ta tafi. Ki gane yadda ma'aikata ke aiki. Takardu kam an tara musu ɗaki guda, ba mai buɗewa. Abin da wakilin matasa ya faɗa da bakinsa a ranar, a makirufo, shi magatakarda ke rubutawa, shi ke shiga kundi. Kuma ba a hawa da takarda, don minista ya ce ya gaji da matasa masu karanta abin da manya suka rubuta musu.

Dogo ya same ni bayan an tashi, ya roƙe ni a bar Mai-gilashi ta faɗa. Na ce masa ɗan Yaya ba ya ɓuya a bayan kowa, kuma ita na riga na ba ta aikin tarbar baƙi a ƙofar waje, aiki ne na mai fara'a.

Amma ki ji ikon Allah. Jiya da safe na leƙa zauren taron, kujeru duk fanko, na tarar da Dogo a kan dandamali yana gwaji. Mai-gilashi kaɗai ce zaune a layin gaba ta juya masa baya, ashe ya gaya mata dabararki. Yaya, ya yi magana! Yana tsayawa, ya ja numfashi, kalmar ta zo, ya wuce. Ya bi ta kan aikin yi, ya bi ta kan makarantun koyon sana'a, ya iso kan sashen shekaru ya faɗe shi tas, ko gargada babu. Ina bayan labule ina saurare. Na ji alfahari, na kuma ji tsoro, ban san wanda ya fi wani ba.

Saboda haka na gaya wa darakta ni zan tsaya kusa da shi a ranar in riƙe masa makirufo. Bai kamata yaro ya hau wurin nan ba tare da nasa a gefe ba.

Za a nuna a talabijin kai tsaye. Ki tara maƙwabta, ki kira duk waɗanda suka taɓa ce miki ba zai zama komai ba, su zo su gani da idonsu.

Naki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta Ƙarama. Na ji an ce kin fito da talabijin tsakar gida, mutane har kan katanga. To kin ga abin da kyamara ta nuna, bari ki ji daga wanda yake tsaye a wurin, kafin 'yan gulma su riga ni.

Zauren ya cika maƙil. Manya a gaba, matasan da aka kwaso a motoci a baya, kowa da hular taro da rigarsa. Ɗanki ya hau cikin rigar da kika ɗinka masa, ya fi kowa tsayi, ya fi kowa kyau. Ya fara lafiya. Maganar aikin yi ta wuce, ta makarantu ta wuce, har minista ya ɗaga kai daga wayarsa. Ina riƙe da makirufo ina jin ɗumin numfashinsa a yatsuna.

Sai ya iso wurin. Ya ce matasa suna roƙo duk wanda zai shugabance su ya zama, sai ya tsaya jan numfashi, irin tsayuwar nan tasa. Na san kalmar tana hanya, na ga ta taso a maƙogwaronsa. Amma minista ya duba agogo, ko dai na ga kamar ya duba. Na karkato makirufo wajena na ce, mai ƙwarewa da gogewa. Zaure ya ɗauki tafi.

Ya juyo ya kalle ni. Ban taɓa lura idonsa irin naki ne ba sai a lokacin. Ya girgiza kai ya sake ɗaukowa, ya ce kada ya wuce, kada ya wuce, sai haƙoransa suka haɗu. Na ce kada ya wuce gona da iri. Manya suka yi dariya, darakta har da dukan tebur. Daga nan harshen ya tafi. Bakinsa a buɗe, haɓa tana rawa, zufa ta jiƙa wuyan rigar. Na matso masa da makirufo dab da leɓe don in ba shi dama, sai lasifika ta riƙa watsa wannan ƙaƙat-ƙaƙat ɗin na maƙogwaro ko'ina a zauren. Yaran baya suka fara kwaikwayonsa. Wani ya ɗaga murya ya ce kawu ƙarasa masa, sauran suka amshe kamar waƙa suna buga kujeru. Su ne fa waɗanda ya bi gareji-gareji yana saurare. Ta gilashin ƙofa na hango Mai-gilashi tana dukan ƙofar da tafin hannu, amma katin wuyanta na waje ne, masu gadi kuma aikinsu suke yi.

Me kike so in yi? Jama'a sun roƙa. Na ƙarasa masa. Na ce matasa suna godiya ga gwamnati, kuma suna tare da shugabancinsu ɗari bisa ɗari. Magatakarda ya rubuta. Na riƙo hannun Dogo na sauko da shi, yana bina kamar yaron da aka ɗauko daga makaranta ba lafiya.

Na san abin da kika rubuto mini, ban manta ko kalma ɗaya ba. Amma bakin baho daban, gaban minista daban. Ba wanda zai bar kumfa ta bushe a hannunsa a can. Na fitar da shi kunya ne, kuma wata rana zai gane.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa irin ta 'yan'uwa, da fatan kina lafiya, ko da yake ba ki ga damar sanar da ni ba. Shiru ya yi yawa. Sai ta bakin direbana, da na aiko da kayan Dogo, nake jin labarinku.

Ya ce tun da yaron ya dawo bai furta komai ba, sai nuni da hannu. Ya ce yaran unguwa suna da bidiyon a waya, in ya fito sai su bi shi da kawu ƙarasa masa, shi ya sa ya daina fita. Ya ce ya tarar da ke a tsakar gida da baho, da wannan ƙafar taki, kina wanke kayan da ba su da datti, kin juya wa ƙofar ɗakinsa baya tun safe. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Ki daure, kin taɓa yi, za ki sake.

Direba ya ce kin yi kuka kin tambaye shi me ya sa Dogo ko ke ba ya kallo, me ya sa in kin kai abinci sai kin fita yake taɓawa. Ina jin na san dalili. A mota, muna dawowa daga taro, na ga yadda ya takure a jikin ƙofa, sai na so ya san ba a bar shi shi kaɗai ba, danginsa sun yi shawara a kansa. Na gaya masa ke kika rubuto mini komai, labarin babansa, da bahon, da abin da ke kashe masa harshe. Na ce uwarsa da kawunsa bakinsu ɗaya. A nan ne ya buɗe ƙofa a danja ya sauka. Kada ki ɗora wa kanki laifi, da kyakkyawar niyya kika faɗa.

Ga kundin nan na haɗo miki, an buga shi da takarda mai sheƙi. Dubi bangon kundin. Ɗanki ne, bakinsa a buɗe, an rubuta Muryar Matasa a samansa. Hannun da ke riƙe da makirufo nawa ne, za ki gane zoben. A ciki, sashen shugabanci ya ce mai ƙwarewa da gogewa, kuma an rubuta a ƙasa cewa wakilin matasa ne ya nema. An sabunta mini wa'adi. Na so a ce kin taya ni murna, ke kaɗai kika rage mini cikin 'yan'uwa.

Wani abu kuma. Kundin ya tanadi kujerar mace matashiya a majalisa. Direba ya ce Ƙarama ta tare shi a ƙofa ta wanke ni tas, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har maƙwabta suka fito, kuma wai ita da Mai-gilashi suna tara 'yan mata suna shirin zuwa ma'aikata. Na yi murna, jini ba ya ƙarya. Irinta muke nema. Zan sa sunanta, amma kin san taro da ruɗa yaro, kuma ina so in san yadda zan kula da ita a cikin jama'a. Ki rubuto mini me take tsoro.

Ki shafa maganin ƙafar.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta