Makunni na Biyu

Yamai, 6 ga Shawwal

Zuwa ga Yaya Hadeye, matar yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an yi sallah lafiya. Ni dai na yi tawa a ɗakin haya, da shinkafar da ba ta taɓa ganin miyar fakoye ba. Ya Gao, ya ƙafar taki?

Ba dogon zance zan yi ba. Sidi mai motar kifi, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya ba ni labarin abin da masu bindigar da suka kama gari suka yi a bakin kasuwa. Jita, ganguna, lasifika, duk an tara an zuba musu fetur. Ya ce yanzu gida-gida suke bi. Ya kuma ce Bubeye yana cikinsu. Bubeye dai namu, mai ganga, wanda muka yi shekara takwas muna yawon gidajen biki tare. Wai ya ɗage wando, ya rataya bindiga. Mutumin nan babu lungun da bai sani ba a ɗakin aikin marigayi Yaya Mahaman, kuma ya san Sannu-Sannu, ampilinmu, akwatin ƙara muryar jita, yana nan.

To ki saurare ni. Ampilin nan, ki sa gatari ki faskara shi. Katakon ki dafa tuwo, ƙarfen ki jefa a kogi. Ni ne mai kaɗa jita da shi, kuma na ce na yafe. Daga nan ki hau motar Sidi ki taho.

Na san halinki. Ke da ampilin duk ɗaya kuke, in an yi muku magana sai an ƙirga talatin kafin ku amsa. Wannan karon ki amsa da wuri.

Ƙanin mijinki mai cinye miki ƙanzo,
Sumaila

Gao, 15 ga Shawwal

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Hadeye 'yar Alfa Umaru zuwa ga ƙanena Sumaila. Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan haka, takardarka ta iso, na karanta sau biyu. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na ƙirga talatin ɗin. Amsar ita ce a'a.

Ka ce ka yafe. Ai sai ka tabbatar naka ne tukuna. Kai kaɗawa kake yi, cikinsa ba ka taɓa leƙawa ba. Lokacin da idon yayanka ya fara rauni, ni na karɓi ƙarfen dalma. Shi yana faɗa, ni ina liƙawa. "Jar waya zuwa ƙafa ta uku, Hadeye. Waɗancan biyun ki murɗe su tare kamar kitso, in ba haka ba zai riƙa gurnani." Babu koren allon wayoyin nan na kanti a cikinsa. Kowace waya da hannu aka ja ta daga ƙafa zuwa ƙafa, kuma babu ɗigon dalmar da na ɗora ban yi bisimilla ba. Kwalaben gilashi biyar ɗin da ke cikinsa, daga tsofaffin rediyoyi ya ciro su. Manyan biyun sai da ya gwada fiye da arba'in kafin ya sami waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Katakon kuwa, in ka manta, na kwalekwalen mahaifinku ne. Shi kake so in dafa tuwo da shi?

Ban taɓa zuwa filin rawa ba, ka sani. Daga wajen murhu na san muryarsa, in kuna gwaji. Idan ka taɓa tsirkiya a hankali, sai ta fito wasai, da sanyi, kamar ruwan randa. Idan ka danna, sai ta ɗan dushe, kamar ta dattijon da ya daɗe yana kiran jirgi daga ƙetaren kogi, kuma takan tsaya a kunne bayan ka ɗauke hannu. Wani mai gyara daga Bamako ya taɓa ce wa yayanka wannan dushewar aibi ce, ya kawo ya cire masa. Yayanka ya ce shekara ashirin ya yi yana neman wannan aibin.

Hukuncin kiɗa, malamai sun yi maganarsu, ni ban kai in raba su ba. Amma abin da mahaifina ya karantar da ni game da amana, ban ji saɓani a kansa ba. Kwana uku kafin ya cika, yayanka ya ce da ni, "Kada ki bar danshi ya ci shi. Duk Juma'a ki ɗumama shi."

Haka nake yi. In an kawo wuta da hantsi, sai in ɗaga makunnin gaba, kwalaben su yi ja kamar garwashi, in bar su rabin awa. Makunni na biyu kuwa, mai buɗe muryar, wanda ya ɓoye a ƙarƙashin akwatin saboda 'yan biki masu taɓe-taɓe, ban taɓa shi ba tun tafiyarka. Ko ƙis ba ya fita. Sauti suka hana. Ban ji sun hana ɗumi ba.

Na sa maka garin fakoye a ƙullin leda. Ka kula da sallah. Allah Ya tsare ka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Hadeye

Yamai, 27 ga Shawwal

Yaya Hadeye,

Ina gaishe ki, amma a taƙaice, don ban huce ba.

Wato ni za ki koya wa muryar Sannu-Sannu? Ranar Asabar na yi wani biki a nan da ampilin haya, sabo fil daga kwali, maɓallai sun fi ashirin, fitilu sai ka ce kantin magani. Da an kunna ya kama, babu jira. Amma in na taɓa a hankali ihu yake yi, in na danna ihun dai yake yi. Kamar sauro a gwangwani. Wata tsohuwa 'yar wajenmu ta zo ta ce, "Ɗan nan, hannunka ne ya lalace ko gudun hijira ne?" To na san abin da nake cewa ki faskara. Katako ne da waya. Ke kuma fatar baya gare ki, kuma mutanen nan bulala suke yi a bainar jama'a.

Tunda gatari ya gagara, ga mai sauƙi. Ki bari ya huce, ki zare kwalaben biyar, ki naɗe su a tsumma, Sidi ya cusa a buhun busasshen kifi. Akwati ba kwalba ai kujera ce.

Idan wannan ma kin ƙi, to abu ɗaya nake roƙo. Ranar da suka zo, ki ce ya lalace. Kalma biyu ce, Yaya. Na san ke ce wadda in mai tumatir ya yi kuskuren ƙara miki ɗaya sai kin koma kasuwa da rana tsaka kin mayar. Amma Allah Ya san kina cikin tilas. Ki faɗa, alhakin a wuyana.

Shi kuma wancan munafukin mai ganga, in ya taka ƙofar gidan yayana, Allah Ya isa.

Sumaila

Gao, 12 ga Zulƙida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ƙanena Sumaila, bayan sallama da fatan alheri. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Ban zare kwalaben ba. Hanyar Yamai ko ƙwai ba ya kai wa lafiya, balle gilashin da ya girme ka. Kuma alhaki ba a ɗaukar wa wani, ka daina faɗar haka.

Sun zo. Juma'ar da ta wuce, da hantsi, su huɗu. Ko minti goma ban yi da kunna shi ba. Na ji sallama, kafin in gama gyara lulluɓi sun riga sun shigo tsakar gida. Babbansu baƙo ne, Larabci yake yi. Bubeye ne tafinta. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

Jitarka ta farko suka fara gani, wadda ke rataye a bango. Ɗayansu ya ɗora ta a dokin ƙofa ya taka. Na faɗa maka ne don kada ka ji a bakin wani.

Sai babban ya hango jar fitila.

"Wannan mene ne?"

Ban jira Bubeye ba. Na amsa da Larabcin da mahaifina ya koya mini, don kada wani ya gyara mini magana. Na ce, "Akwatin ƙara muryar jita ne. Ni da mijina muka haɗa shi."

"Kuma kin kunna shi?"

"Saboda danshi."

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce akwati mai aiki ba sa ƙona shi yanzu, a mota suke ɗorawa, don shelar hukunci a kasuwa. Ka ji, Sumaila. Muryar da yayanka ya yi shekara ashirin yana nema, ita za ta riƙa kiran mutane su zo kallon bulala.

Ya ciro abin magana daga jakarsa ya jona. Ya murɗa maɓallan ukun har ƙarshe. Ya hura. Shiru. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya yi gyaran murya a ciki. Shiru. Kwalaben sun riga sun yi zafi sarai. Da wani ya ɗaga makunnin ƙasa a lokacin, da ƙarar sai an ji ta a ƙetaren kogi.

Sai ya tsuguna ya fara lalubar bayan akwatin. Hannunsa yana yin ƙasa.

Bubeye ya ce, "Bari in ɗaga maka, ya shugaba, ka gani da kyau." Ya rungumo shi kamar yadda ya saba in za ku tafi biki, tafin hannunsa na dama a ƙarƙashi, daidai wurin. Manyan kwalaben nan biyu suka kwanta a damtsensa. Ka san zafinsu, kai da ka taɓa zubar da shayi saboda su. Na ji ƙaurin gashi. Bai motsa ba. Ya juya masa gaba, ya juya masa gefe, hannun bai bar wurin ba.

Ya ce, "Na san shi tun da. Fitila kawai yake kunnawa. Ya mutu."

Babban ya juyo gare ni. Ya ce, "Ke na ga kin yi karatu, ba za ki yi mini ƙarya ba. Yana magana?"

Na tuna kalmominka biyu. Sun zo har bakina, suka ƙi fita. Na ce, "Tun ranar da kuka shigo garin nan ban ji muryarsa ba."

Ya daɗe yana kallona. Ban sunkuyar da kai ba, Allah Ya yafe mini. Daga ƙarshe ya zare abin maganarsa, ya ce tsofaffin garin nan har gawa suke hura wa wuta. Suka fita.

Kwana uku ina istigfari. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma na san yadda zai fahimce shi, kuma na bar shi a haka. Ban san matsayin wannan ba. Abin da na sani, da za su dawo gobe, shi zan sake faɗa. Ƙaryar da ka nema a wurina, Bubeye ne ya ɗauke ta. Ka janye Allah-ya-isan da ka yi masa.

Wassalam.
Hadeye

Yamai, 21 ga Zulƙida

Yaya,

Barka da arziki. Na karanta a tsaye a tasha, sai da Sidi ya ce in zauna. Jitar ba komai, dama wuyanta ya karkace. Amma ke, da Larabci kuma? Wallahi ampilin ya fi ki jin magana.

Bubeye, ban ce na yafe ba. Na janye dai. Ki ce ya shafa zuma a wurin.

Yaya, mutumin nan zai kwana yana juya amsarki, wata rana zai gane. Sidi ya ce daga sallar layya ba zai ƙara bin hanyar ba. Tafiya ɗaya ta rage. Na roƙe ki, ki bar wa Bubeye akwatin, ki shigo motar.

Ƙanenki,
Sumaila

Gao, 2 ga Zulhajji

Da sunan Allah.

Ƙanena, na gaishe ka. Sidi zai taho da kifinsa, ba da ni ba. Amanar ni aka ba, ba Bubeye ba.

Shi kuwa ya zo Juma'ar nan, ba bindiga, wai ya zo gaisuwa. Damtsen ya fara warkewa. Na ba shi tabarma a bakin ƙofar ɗakin aiki, na shiga na ɗaga makunnin gaba. Muka zauna rabin awa. Na ga yatsunsa a kan gwiwarsa, suna ta aiki kamar a kan ganga.

Makunni na biyun na bar maka. Ka sayi sababbin tsirkiya ka ajiye.

Allah Ya ba mu alheri.
Hadeye