Farin Takarda a Littafin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara duka. Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, wanda kai ma ka san alamar warkewa ke nan. Auta ta fara koyarwa, ta dawo gida muryarta a dishe, tana cewa ashe haka muka wahalar da malamanmu. Baba yana cin abinci sosai, yana zama a shago da safe, amma idon nan ya ƙara ja baya tun bayan zuwanka, kuma a kan haka nake so mu yi magana.

Na ga gyaran da ka yi wa littafin da ya rubuta kan gyaran keken ɗinki, kuma na san hutunka ka cinye a kai. Na fahimci nufinka: kana so littafin ya yi siriri, mai gyaran keken ɗinki ya iya zura shi a aljihu, kowane babi kuma ya ƙare daidai ƙarshen shafi. Tunani ne mai kyau. Sai dai, Yaya, hanyar da ka bi ce ta sa na dafe kai a madaba'ar da nake aiki. Inda rubutu ya so ya tsallaka sabon shafi, ka matse filin da ke saman kan magana har ya manne da sakin layin da ya gabace shi. Inda shafi ya yi saura, ka yi ta danna maɓallin sauka layi har kan maganar ya zauna shi kaɗai a tsakiyar fili. Wani wurin ma filin ƙasa ya fi na sama, sai kan maganar ya zama kamar wutsiyar abin da ya wuce. Tun muna yara haka kake shirya akwati, ka danna nan ka cusa can, in dai murfi ya rufu shi ke nan.

A aikinmu ƙa'ida ɗaya ce. Fili mai faɗi a saman kan magana, ɗan kaɗan a ƙasansa domin ya riƙe abin da yake gabatarwa, kuma awon nan ba ya canzawa daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Sau ɗaya ake saita shi a kwamfuta, kowane kai ya bi. Da littafin wani ne, da na gyara na yi shiru, don mai karatu mai ido zai ɗan ji shafin bai zauna ba, ya wuce abinsa. Amma Baba ba ya ganin baƙaƙe yanzu. Abin da yake gani a shafi dunƙulen duhu ne da fari. Lokacin da nake kawo masa bugun gwaji na farko, kafin gyaranka, na lura yana kai takardar kusa da taga, yana bin ta da babban yatsa. In ya tarar da fili mai faɗi da ɗan gajeren layi mai kauri a ƙasansa, ya san an shiga sabuwar magana. Da yake shi ya rubuta, ya san abin da ke bin wani, sai ya ce nan ne maganar zare mai tsinkewa, na gaba allura mai tsallake ɗinki, na gaba zuba mai. Haka yake karanta littafinsa, kuma bai taɓa ɓata ba.

Ranar da na kai masa naka gwajin, wani tsohon abokin cinikinsa tela yana shagon, ya kawo keke yana kukan zaren ƙasa yana cukurkuɗewa. Baba ya ce masa ya dakata, ai akwai wannan a littafinsa, yanzu zai nuna masa wurin. Ka san yadda yake gyara zama in zai yi abin burgewa. Ya buɗe, ya bi da yatsa, ya tsaya a wani fili, ya miƙa wa telan. Telan ya duba ya ce nan maganar goge tsatsa ce. Baba ya karɓa, ya koma baya, ya sake lalube, ya wuce kan maganar da yake nema domin ka manne shi da na sama. Ya yi gaba ya yi baya. Daga nan ya haɗa takardun ya ajiye a kan teburi, ya ce wa telan ya kawo keken kawai, hannu bai manta ba. Ya gyara masa kuwa, amma har na tashi bai sake taɓa takardun ba. Da Inna ta tambaye shi labarin littafi da rana, ya ce ai na masu ido ne, a ƙarasa musu. Yaya, maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai, na shiga ɗaki na yi kukana.

Ban gaya masa hannunka ne ba, na ce injin ne ya hargitsa shafukan. Kuma ban jira izininka ba, ka yi haƙuri, na mayar da awon yadda yake, har na ƙara faɗin filin sama kaɗan. Sauran gyare-gyarenka na rubutu duk na bar su, don sun yi kyau, musamman inda ka raba dogayen jimlolinsa. Abin da zai biyo baya shi ne littafin zai yi kauri, aljihu ba zai ɗauke shi ba, wasu babobin kuma za su ƙare a tsakiyar shafi su bar fari a ƙasa. Mai madaba'a ya ce sai an sake jera shafukan, don haka da wuya a gama ɗinke shi kafin ka zo, kamar yadda ka so ka raba wa mutane da hannunka. Na san wannan zai sosa maka rai. Amma likita bai ɓoye mana ba, ɗan hasken da ya rage wa Baba ba mai daɗewa ba ne, kuma ina so ya riƙe littafin ya san inda yake a ciki tun yana iyawa.

Jiya da safe na kai masa sababbin shafukan. Da farko ya ƙi karɓa, ya ce in ajiye. Na ajiye a cinyarsa na shiga taya Inna wanki. Da na leƙo, ya matsa kusa da taga, yatsa yana tafiya, leɓe yana motsi. Can ya kira ni ya ce in duba, nan ne zaren ƙasa ko ba nan ba ne. Nan ne kuwa. Ya ci gaba da bi da yatsa har ƙarshen babin, sannan ya tambaya ko kai ne kake son a rage shafuka, don ya ji ka faɗa a waya. Ashe bai yarda da labarin injin ba. Ya yi 'yar dariya, ya ce in na rubuto maka in ce ya gode da wahalarka, amma kada ka yi masa rowar farin takarda, shi ne kaɗai rubutun da yake iya karantawa yanzu.

Na isar da saƙo. Ka gaida Anti, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan Sarkin Surutu da ƙanwarsa. Inna tana sa muku albarka, Auta da maigidana suna gaisuwa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Mai Gardama