Ranar da Na Wanke Aikin Wata Uku

'Yata, babbar gida,

Ina gaishe ku duka. Ya ƙafar kakarku? Auta ya daina tarin nan? Ki faɗa min gaskiya.

Ni lafiya lau, sai dai na kwana biyu abinci ba ya shiga. Kin san kwalabe nake wankewa a ɗakin bincike. Masu binciken suna da wasu 'yan baƙaƙen faya-fayai, dangin gawayi, irin waɗanda ake dasa wa mai ciwon zuciya a cikin zuciyar. Wai wani sinadarin jini da suke kira furotin yana manne musu kamar maiƙo a tukunya, shi ya sa shugabarmu take lulluɓe su da wani sukari don ya hana shi kamawa.

Na tarar da su a bakin famfo, na ɗauka na wanki ne, na dirje su tas da soso. Da shugabar ta gani, ta dafe kai ta ce, "Mama, aikin wata uku ne fa." Na ce a raina shi ke nan, kora ce, karatunku ya tsaya.

Jiya ta kira ni. Sun gwada, sukarin bai fita ba, furotin bai kama ba. Tana dariya ta ce, "Abin da ya tsira daga hannunki, jini ba zai iya masa komai ba."

Aikina yana nan, alhamdulillahi. Yanzu ba na taɓa komai sai na karanta takardar da ke jikinsa, harafi bayan harafi, yadda kika koya min.

Allah ya yi muku albarka.

Mamanku