Na Koma Gaban Tanda

Inkil, Bauchi.

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kin san abin da likita ya faɗa: ciwon dajin nan ya bazu, sai dai maganin rage zafi. Wannan na karɓa, na gode wa Allah. Abin da ya kusa ƙarasa ni kuwa, sannu ce. Tun da labari ya fita aka ɗauke tandata aka kife a sito. Ni da na yi rabin rayuwata ina suyar masa a bakin barikin Shadawanka, sai ga ni kwance ina kallon rufin ɗaki. 'Yan dubiya su shigo da lemu da fuskar ta'aziyya, suna magana ƙasa-ƙasa. Malam Yero kuwa, mijin nan nawa da kika sani da ƙorafi, ya koma komai na ce sai to. Wallahi ji nake kamar an riga an binne ni.

Sista Dorothy, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba ni, ita ta lura. Ta zauna ta tambaye ni abin da nake kewa, sai na fashe da kuka. Ta ja Malam gefe. Ban san abin da ta gaya masa ba, washegari dai sai ga tanda.

Shekaranjiya na yi suya, a zaune, da filo a bayana. Ƙullun ma bai tashi ba, amma maƙwabta suka ci suna ta zuba yabo. Sai Malam ya gutsura, ya manta da kansa, ya yamutsa fuska ya ce wannan ai dutse ne ba masa ba. Na ce to wa ya sayo tsohon yis? Muka hau cacar baki kamar da, har dariya ta sa na riƙe ciki, shi kuma ya juya baya yana share ido. Rabona da farin ciki irin wannan tun kafin in fara zuwa asibiti.

Gobe zan sake jiƙa shinkafa. Ban san kwanakin da suka rage min ba, amma ina so in ci su a gaban tanda. Ki zo da wuri, ki zo da yunwa. In ba ta yi daɗi ba, don Allah ki gaya min.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ni ce ƙanwarki,
Juwairiyya