Madina Tana Can Bayan Allon Iyaka

Farin Gada, Jos
14 ga Yuli, 2007

Zuwa ga Yaya Zainulabideen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Yaya ruwan Fatakwal? Mu ma nan damina ta zauna, kayan miya sun yi araha, kowa lafiya sai ni da gajiya ta yi wa katutu.

Yaya, maganar Madina ce, 'yar marigayiya 'yar'uwarmu Ladi. Ka san tun rasuwar iyayenta take hannuna, riƙo irin namu, babu takarda babu shaida. Da Ƙaramar Sallah baffanta Jabir ya zo ya ce a ba shi ita ta gaida dangin uba a ƙauyensu na wajen Toro, jihar Bauchi. Wa zai hana baffa 'yarsa? Na yi mata kitso na sallame su. Har yau bai dawo da ita ba. Ya cire ta daga makaranta ya ɗora mata tallan gyaɗa, yarinya mai sikila, wadda ko yayyafi ya taɓa ta sai mun kwana asibiti.

Na kai kuka ofishin walwala na nan Jos. Wata Madam Suzana ta saurare ni da kyau, ta ce dokar kare yara ta Filato tana bayana, amma hannunsu bai tsallake iyakar jiha ba. Na bi mota zuwa Bauchi. Jami'in can ya ce su jiharsu ba ta karɓi wannan doka ba tukuna, in koma mu sasanta a gida. Wallahi Yaya na gaji. Ƙasa ɗaya, tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba, amma wai hakkin yarinya ya tsaya a allon bakin titi.

Jabir ba ya jin maganar mace. Kai ne kawunta, don Allah ka zo ka same shi kafin sanyi ya shigo.

A hanyar dawowa daga Bauchi na biya ƙauyen na ga Madina, ta rame, idanun nan sun yi rawaya. Ta tambaye ni ko tafiya da ita na zo yi. Na ce magani na kawo mata. Ta karɓa ta juya shi a hannu, ta ce to wa zai riƙa tuna mata ta sha. Amsar nan nake jira daga gare ka.

Ka gaida Anti Jika da yara duka.

Ƙanwarka,
Ummusalma