Garaɓasar Wanda Aka Cinye

Peckham, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Adiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da su Sherifa. Yaya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don in na ji muryarki a waya bakina ba zai buɗu ba. Kin yi ta yi mini godiya, wai na yi iya ƙoƙarina a kan mijinki Jamaldeen. Godiyar nan ta hana ni sakat.

Ranar da kika aike ni bayan azahar in ɗauko Jamaldeen daga gidan cacar nan, na same shi a teburin karta, wadda suke kira poker, kuɗinsa sun kusa ƙarewa, ido ya yi ja. Ya rantse mini sau ɗaya kawai zai ƙara: in ya faɗi, shi da karta har abada. Kin san shi, duk shirmensa ba ya wasa da rantsuwa. Kujerar gefensa babu kowa. Ni da na ce miki na tuba shekara biyu da suka wuce, sai ga ni zaune.

Aka raba, na leƙa nawa: A guda biyu, katin da ya fi kowanne ƙarfi. Sauran suka janye, saura ni da shi. Da a ce na tura kuɗi da yawa, da dole ya ajiye nasa, don tarkace ya riƙe, shi ke nan ya faɗi mu taho gida.

To, ranar gidan na yin garaɓasa. Duk wanda ya riƙe A biyu kuma aka cinye shi, za a ba shi fam ɗari biyar. Abin da ke kan teburin bai kai arba'in ba. Kwaɗayi ya rufe mini ido, Yaya. Na yi lamo, na ƙi ƙara ko sisi, na bari ana ta buɗe katunan tsakiyar tebur kyauta, waɗanda kowa ke haɗawa da na hannunsa, ina fata a zuciyata nasa ya haɗu. Na ƙarshe kuwa ya haɗa masa. Ya daka tsalle ya rungume ni, ni kuma na je na karɓi ladan faɗuwata.

Tun ranar kullum yana can. Kowa ya gani sai ya ba shi labarin yadda ya kayar da A biyu, wai sa'arsa ce ta dawo. Bai san ba shi aka yi ba.

Jiya kika ce kin gaji, za ki kwashi yara ku koma wajen Inna a Abbey Wood. Ba ni da bakin hana ki. Amma kafin ki yanke hukunci, ki san cewa bawan Allahn nan da gaske ya yi niyyar fitowa. Har ya zura hannu ɗaya a rigar sanyinsa. Ni na mayar da shi kan kujera.

Ki gaishe da yara. In kin iya, ki yafe mini.

Ƙaninki,
Abdul-Samed