Ni Na Nuna Ramin Kyarkeci, Wani Aka Ba Aikin

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da gandun daji a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni ne Garba maharbi, daga wani ƙauye kudu da Kebbe. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka tafi Sakkwato, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na san ba ka manta da ni ba. Ni ne na shige maka gaba bara da rani, muka bar mota muka taka da ƙafa har bakin ramin kyarkeci. Ka ga uwar da 'ya'yanta, ka ga garken sun dawo farauta suna amayar musu da nama. Ka ce da wuya a sami wani garken a duk jihar nan. Ka riƙe hannuna ka ce, "Garba, ajiye bindiga, kai za ka tsare mana su." Na ajiye ta tun ranar.

Kukana uku ne. Na farko: da aikin gadin ya fito, sai aka ba Ladan, wani saurayi daga Tambuwal, don yana da takardar makaranta. Aka ba shi kaki da hula da sabon babur. Ran kasuwa yakan wuce ta ƙofar gidana, mutanen da suka saba kawo mini maganar daji yanzu shi suke tsayarwa. Ba zan ɓoye maka ba, ina kishinsa. Ko ƙarar babur ɗin na ji, tuwo fita yake daga raina.

Na biyu: Ladan bai san aikin ba. Sawun dila ya auna ya rubuto maka cewa na kyarkeci ne. Da babur yake shiga har gindin ramin, har uwar ta gaji ta kwashe 'ya'yanta ta sauya wuri.

Na uku, kuma wannan laifina ne. Ladan ya zo har gida, ya cire hula, ya ce, "Baba, ina suka koma?" Na sani sarai, amma na ce masa ya duba cikin takardarsa. Bayan kwanaki kura ta kashe maraƙin wasu makiyaya, suka ɗora wa kyarkeci, suka sa guba a mushen kusa da sabon ramin. Da Ladan ya san wurin, da kakinsa ya hana su, abin da bakina ba zai iya ba. Ni na binne uku daga cikin garken da hannuna, har da babban namijin nan mai farar wutsiya da ka ɗauki hotonsa. Ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Yanzu kuma wani ɗan kwangila ya kawo katafila yana ture itace don babbar gona. Ya kusa fadamar da barewa ke shan ruwa. In barewa ta watse, kyarkeci zai koma kan awaki, kuma ka san abin da mutane za su yi masa.

Roƙona shi ne a tsayar da katafilar kafin ta kai fadama. A tara ardo da makiyaya a yi musu magana kan guba. Jibi zan kai Ladan sabon ramin, ko da zuciyata ba ta so, don ba zan sake binne wani ba. A ɗauke ni aiki, ko a ƙarƙashinsa ne. In hakan ma ba zai yiwu ba, to a rubuta a takardunku cewa Garba ne ya gano garken kyarkecin nan. Ni ban iya boko ba, ɗan liman ne ke rubuta mini wannan, amma jikokina za su iya karantawa.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ni da abin da ke cikin ƙirjina.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba maharbi